Tukwane Shida Zuwa Bungudu

Talata: Tsafe zuwa Kwatarkwashi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Tsafe, ni da Nomau mai jakuna. Na san lokacin daidai don ina da agogon aljihu, wanda Baturen da na yi wa aikin lambu a Zariya ya ba ni ran da zai koma ƙasarsu. A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau ne, ruwa ya sauka sau biyu, mutane na jiran na uku su yi shuka. Kayanmu tukwane biyar na albasar fure, da ta shida da na lulluɓe da tsumma saboda rana, da damin sandunan dashe a cikin jiƙaƙƙen buhu. Matata Hajo ta rako mu ƙofar gida da ƙullin gumba. Ta ce, "In ka ga Kawu ka duƙa ƙwarai. Kak ka yi mai Hausar Zazzau."

Ga abin da ya tashe ni. Hakimin Bungudu ya je Zariya ya ga yadda aka ƙawata ƙofar wasu gidaje da furanni, abin ya shiga ransa. Da ya dawo sai ya aiko manzo, yana son ni da wani tsohon mai lambu na Gusau, Baba Jatau, mu zo ranar Juma'a mu yi wa mutanensa bayanin shuke-shuken ado. Na amsa tun manzo bai rufe baki ba, amma ba don hakimi ba. A Bungudu Kawuna Malam Sambo yake, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana, shi ya koya mini karatu. Na gudu daga zaurensa na bi leburori Zariya. Da ya ji aikin da nake yi, cewa ya yi ya ba ni alƙalami na zaɓi in yi wa Nasara ban-ruwan ciyawa. Shekara tara ke nan bai yi mini magana ba. Sau biyu ina aika masa da goro, sau biyu yana dawo mini da shi a ƙulle yadda na ƙulla. Ina so ya gan ni a gaban jama'a ina faɗin abin da na sani, ko ya yarda ban lalace ba.

Mun yi sallar asuba a bakin wani rafi, muka ci gaba. Nomau mutum ne mai son girma, ko na aro ne. Tun da ya ji hakimi ne ya kira mu ya sake tafiya, duk wanda muka gamu da shi sai ya ce masa, "Kauce, kayan sarki na." Jakunan kuwa ba su san da wannan girma ba, babbar ta yi ta juyo da wuya tana neman ganyen da ke leƙowa daga mangala, har sai da muka ɗaure mata baki.

Wajen mil goma sha bakwai ne zuwa Kwatarkwashi. Tun hantsi muke hangen dutsen, kamar yanzu za mu taɓa shi, amma sai ƙarfe biyu da kwata muka sauka a gindinsa. Mai masauki ya ba mu rumfa, matarsa Inna Kulu ta kawo fura ta anini biyu. Kafin in sha sai na sauke tukwanena, na jera su a inuwar tsamiya, na ba kowacce ruwa da ludayi, na gyara wa ta shida lulluɓinta. Ban lura ana kallona ba.

Wani manomi daga Kekun Waje, da ya sauka da goɗiyarsa a hanyarsa ta komawa gida, ya matso ya tsuguna. Ya daɗe yana duban ganyen, sannan ya rage murya.

"Malam, wanne an na noma?"

"Na noma kamar yaya?"

"Gadalin ga. Ni na gona nika so, bana ina son in cika rumbu ukku."

Sai a lokacin na gane. Ganyen albasar furena da na gadali kusan ɗaya ne, irin wanda ake ɓoyewa a tukunya a lungun gida, a ce yana kawo albarkar gona ko kasuwa ko farin jini. Na yi dariya na ce masa wannan ba gadali ba ne, fure ne kawai, kallonsa ake yi. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa sirri. Ya ce, "Hakanan na. Mai shi ba ya hwaɗi." Na rantse masa, ya ƙara yarda. Ya koma wajen Nomau ya tambaye shi abin da ke cikin lulluɓaɓɓiyar. Maimakon Nomau ya ce bai sani ba, sai ya kalli sama ya ce, "Wagga ba a maganatta bisa hanya." Na so in shaƙe shi.

Laraba: Gusau

Da gari ya waye na je duba tukwane, sai na tarar da biyar ɗin fari fat, ƙudaje na bi. Inna Kulu na tsaye da ƙwarya a hannu, fuskarta cike da jin ta kyauta.

"Inna, mi ya samu kayana?"

"Nono niz zuba musu, ɗana. Ka bar su sun kwan da ruwa tsura. Baƙo duk baƙo na, ba ya barin gidanmu da yunwa. Ta rufin ce ban taɓa ba, na ji tsoro."

Nononta na sayarwa ta ɗiba, don alheri. Na yi godiya har da duƙawa. Mutumin Kekun Waje ya riga ya hau goɗiyarsa tun da duhu, ya ga abin da ya gani, kuma hanyarsa ta Bungudu ce.

Ƙarfe shida da rabi muka tashi, mil goma sha ɗaya, muka shiga Gusau sha ɗaya saura. A bakin gari ɗan doka ya tsayar da mu ya leƙa mangala, tsamin nono ya buge shi, ya ja da baya ya ce mu wuce. Garin ya cika da baƙi, leburori jere da kwanon ƙasa a ka, ana ta tayar da rumfunan kamfani. Ban tsaya kallo ba, na nemi lambun Baba Jatau a bakin gulbi.

Tsoho ne gajere, ba haƙori ko ɗaya a sama, bakinsa ba ya hutawa. Kafin mu gama gaisawa ya ce, "Kai ne mai gadalin da ka shan nono? Tun hantsi anka kawo labarinka kasuwa. An ce na cikin lulluɓin har magana shikai." Ya yi dariya har ya zauna a kan kunya. Sannan ya tashi ya taya ni aiki. Muka zazzage tukwane biyar, muka wanke albasar ɗaya-ɗaya a gulbi, muka sake musu ƙasa da yashi da tsohon taki. Hannunsa ya fi nawa sauƙi a kan saiwa, na ga haka na zuba ido ina koyo.

Lambunsa ya ba ni kunya. Ni da nake ganin na zo da abin da ba a taɓa gani ba, sai ga shingen lalle an aske shi daidai, furensa na ƙamshi tun daga nesa, ga ɗoɗɗoya a bakin kowace rijiya, ga bado a wani kududdufi da ya haƙa don kallo kawai. Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce, "Wa ak koya ma son tuwo?"

Aka kawo mana hoce da miyar kuka. Na kasa ci. Na gaya masa labarin Kawu duka, na ce gara in juya daga nan, don in labarin gadali ya kai kunnensa, abin da nake nema in gyara na ƙara ɓata shi. Baba Jatau ya cinye hocensa, ya jawo nawa. Ya ce, "In ka koma gida, labarin na ya tabbata. In kat tahi, aƙalla kana da baki. Kuma ni ba ni tsayuwa gaban sarki ni ɗai."

Alhamis: Gusau zuwa Bungudu

Muka bar Nomau da jakuna a Gusau, na ja masa kunne kada ya ƙara buɗe baki a kan kayana. Wata motar kamfani za ta Sakkwato da gishiri, direban ya yarda ya ɗauke mu a kan sule ɗaya ɗaya. Ya dubi tukwane ya ce, "Waɗannan fa? In sun fashe ba ruwana." Muka hau kan buhuna, na rungume ta shida a ƙirji, Baba Jatau ya kewaye sauran da ƙafafunsa.

Bai taɓa shiga mota ba. Da ta tashi ƙarfe goma daidai sai ya kama salati da ƙarfi, bai daina ba sai da muka yi mil biyu. Daga nan kuma ya saki jiki, ya shiga yi wa masu tafiya a ƙasa kirari yana ɗaga musu hula. A wani kwari motar ta kafe a laka, duk muka sauka turi, ni da hannu ɗaya don ban yarda in ajiye tukunyata ba. Mil goma sha uku ne, mun yi su a awa ɗaya da minti arba'in, har da turin.

An sauke mu a wani gida kusa da fada, aka kawo tuwon dawa da kaza. Kafin mu wanke hannu mutum bakwai sun yi sallama, kowa da buƙatarsa. Wani na gona, wani na kasuwa, wani tsoho kuma ya ce shanunsa ba sa haihuwar mata. Baba Jatau ya ce musu duka su zo gobe bayan la'asar za a yi bayani. Ni dai na san bayanin da suke jira ba shi zan yi ba.

Da la'asar na tafi zauren Kawu. Ba abin da ya sake, har buzun da yake zama. Shi ne ya tsufa, gemun ya yi fari, yana kai littafi kusa da ido. Magidanta huɗu na gabansa suna ɗaukar karatu. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Ya amsa sallamar don wajibi ce, bai dube ni ba.

"An ce ka zaka da haja."

"Ba haja ba ce, Kawu. Fure ne."

"Da can Nasara, yanzu tsahi. Allah shi shirya." Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Ci gaba."

Na yi durƙuso har ƙafata ta mutu, ba wanda ya ƙara ce mini komai. Na fito ina jin kunyar da ban taɓa ji ba, don mutanen nan huɗu tare muka yi karatu da su.

Juma'a: ƙofar fada

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin durumi. Hakimi ya zaci mutum ashirin za su zo, masu lambun bakin gulbi. Sai ga fili ya cika, har daga Rawayya da Kekun Waje, mutumina mai goɗiya na sahun gaba yana yi mini murmushi. Malamai na gefen dama, Kawu a cikinsu. Na san ba don ni ya zo ba, hakimi ne ya kira.

Baba Jatau ya fara. Bai yi maganar fure ba sam da farko. Ya tambaye su wa ya dasa durumin da suke zaune a ƙarƙashinsa, ba wanda ya sani. Ya ce to ga shi kuna shan inuwarsa ba ku biya shi ba. Ya nuna yadda ake yanke reshen ceɗiya a dasa da ruwan fari, yadda ake jera lalle ya zama shinge, a aske kansa ya yi kauri, mata su samu na ƙunshi, maigida ya samu ƙamshi da yamma. Ya ce a kewaye dashe da ƙaya, don akuyar Bungudu ba ta san kayan sarki ba. Aka yi ta dariya, har hakimi. Ya zauna, ya zungure ni.

Na miƙe. Na jera tukwane biyar, na fara bayanin irin ƙasar da suke so, da yadda ake huda gindin tukunya don kada ruwa ya kwanta. Ban kai ko'ina ba mutumin Kekun Waje ya ɗaga murya: "Malam, bar zancen ƙasa. Wanne an na noma?" Jama'a suka ɗauka, kowa na faɗin nasa.

Na dubi wajen malamai, na ga Kawu ya sunkuyar da kai. Sai na tumɓuke albasa ɗaya, mafi girma, wadda na yi shekara uku ina reno. Na karɓi wuƙa na raba ta biyu, na ɗaga kowa ya gani. Na ce, "Jama'a, ga ta. Ba ta kawo hatsi, ba ta kawo ciniki, ba ta sa saniya ta haifi mace. Ba a miya da ita, ko akuya ba ta so. Nonon da kuka ji an ba ta, kusan kashe ta ya yi. In ruwa ya zauna za ta fid da fure fari mai jan baki, ya kwana uku ya bushe. Iyakar amfaninta ke nan, ka duba ka ce Allah ya iya halitta."

Sai wani daga baya ya ce, "Ashe wahala ta munka sha!" Aka fashe da dariya, mutane suka fara tashi suna kakkaɓe riguna. Mai goɗiya ya dube ni kamar na ci masa amana, ya tafi. Kafin a jima fili ya koma mutum talatin. Na tsaya da rabin albasa a kowane hannu.

Hakimi ne ya cece ni. Ya ce, "To, waccan ta cikin lulluɓin fa?"

Na kwance tsumman. Ɗan itace ne bai kai kamu biyu ba, da fure ɗaya ja da ya buɗe a daren jiya, da wani ƙulli bai buɗe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya fi su wuyar reno. Yana son ruwa kullum amma kaɗan-kaɗan, yana son ranar safe da inuwar yamma, kuma bayan kaka sai an yi masa aski. Bature na da sunan da yake kiransa, amma wani Balarabe mai kanti a Zariya ya ce mini su wardi suke ce masa."

"Mi kac ce?"

Muryar Kawu ce. Na juya. Ya ɗago kai, karo na farko a shekara tara yana dubana.

"Wardi, Kawu."

"Kawo shi nan."

Na kai masa a durƙushe. Ya kai fuskarsa kusa, ya shaƙa, ya rufe ido. Ya sake shaƙa. Ya sa yatsa zai taɓa, ƙaya ta soke shi, ya janye ya dubi yatsan. Sannan ya juya ga malaman da ke gefensa.

"Shekara arba'in ina karantar da sunan abin ga cikin yabon Manzo. Kullum aka tambaya ta mi a wardi, sai in ce wani hure na na ƙasar gabas. Ban taɓa ganinai ba. Ashe haka ƙamshinai yake. Kuma ba wanda yag gaya man yana da ƙaya."

Tukunyar ta zaga hannun malamai ɗaya bayan ɗaya, kowa na shaƙa yana salati. Waɗanda suka rage suka matso, tambayoyi suka ɓarke, na gaskiya wannan karon, har aka kira magariba ban gama amsawa ba. Hakimi ya ce a dasa albasa huɗu da sanduna a ƙofar fada. Da na dubi ta shida, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam Sambo ya riga ni."

Asabar zuwa Litinin: komawa

Da hantsi na kai tukunyar zauren Kawu. Ya fito da sandarsa, bai ce mini sannu ba, ya zaga da ni bayan zaure inda wani dutse yake a gindin katanga, ƙasar wurin a jiƙe.

"Nan nika alwala. Sau biyar ruwa na zuba banza. Rana na zuwa da sahe, ta kauce da azahar. Ya yi?"

Na duba gabas, na duba katanga. Na ce ya yi, ko ni ban zaɓi wanda ya fi shi ba. Na haƙa rami, na dasa, na kewaye da ƙaya, yana tsaye a kaina yana gyara mini kamar shi ya shekara tara a lambu. Da na gama ya sa aka kawo fura a ƙwarya ɗaya, ya sha, ya miƙo mini ludayin.

"Ka ce bayan kaka aka yi mai aski."

"I, Kawu."

"To ni ban iya ba. Sai ka zaka ka yi. Kuma ka taho da iyalinka, ban san su ba."

Na ce to. Na karɓi ludayin na sha.

Ba mu sami mota ba, muka tako da ƙafa ni da Baba Jatau, awa biyar zuwa Gusau, yana ba ni labarin motar shekaranjiya kamar ban kasance a ciki ba. Ya cika mini buhu da sandunan lalle da irin ɗoɗɗoya. Lahadi da asuba muka kama hanya da Nomau, wanda ya ji haushi ƙwarai da ya tabbata kwana biyu ya yi yana dakon abin da ba ya maganin komai. Muka kwana Kwatarkwashi, na ba Inna Kulu rabin albasar nan da na yanka ta dasa, na roƙe ta don Allah ruwa kawai. Ruwa na uku ya same mu a hanya ranar Litinin, muka shiga Tsafe ƙarfe uku da minti goma, a jiƙe sharkaf, mutane na ta fita da iri.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa hakimin da ya kira mu, da Baba Jatau da ya hana ni juyawa, da Inna Kulu da nononta, har da Nomau, don ba don bakinsa ba da fili bai cika ba.

Hajo na tsaye a zaure, ba ta bari na sauke kaya ba. Ta ce, "Ya amsa gaisuwa?"

Na ce, "Ki nemi zanen fita. Bayan kaka za mu Bungudu, ke da yara duka."